Na Goge Sunan Mai Waƙa

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine daga jihar Tawa ya sauka Sakkwato, ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa irin wanda mawaƙan fina-finan Hausa suke shiga. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma Mdou Moctar ne sunan da ya bi shi. A lokacin da wuya ka sami situdiyon da ba shi da na'urar nan mai lanƙwasa murya, wadda ta sa mawaƙan Kano da Kaduna suka koma rera waƙa da santsi da karkarwa. Aka ɗora muryar saurayin a kanta, aka sa masa gangar kwamfuta a ƙasa, shi kuma ya yi waƙoƙinsa da Tamashek. Abin da ya fito shi ne Anar, kundinsa na farko. Babu kamfanin da ya buga shi a lokacin, babu kantin da ya jera shi. Daga waya zuwa waya ya yi tafiya, ta Bluetooth da katin memori, ya ratsa Nijar ya shiga Mali, ya kuma gangaro kudu har bakin kogin Isa. A nan ya faɗo hannuna, ni kuwa abin da na fara yi masa shi ne na goge sunan mai shi.

Ni mutumin Garou ne, ƙasar shinkafa da albasa, gabas da Malanville a arewacin Benin. Noma ne sana'ar gidanmu, amma na yi shekaru ina tura waƙa a kasuwar Malanville. Tebur ne da kwamfuta da lasifika biyu, sai ɗan janareto a gefe. Wanda ya san kasuwar nan a ƙarshen mako ya san irin jama'ar da take tarawa: direbobin manyan motoci masu ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Yamai, mata masu albasa da barkono, 'yan kabu-kabu, masunta, Fulani da suka kawo shanu, mutanen Gaya da na Kamba da suka tsallako cin kasuwa. Kowa da katinsa a aljihu. Mutum zai miƙo maka ya ce a cika masa, kai kuma kafin ka cika sai ka kwashe abin da ke ciki ka ajiye a kwamfutarka. Da haka rumbuna ya cika da waƙoƙin ƙasashe, ban taɓa sayen ko ɗaya ba.

Ina da dalilan da nake ba kaina na goge sunaye, kuma a lokacin na yarda da su. Ƙananan wayoyin da mutane suke riƙewa ba sa karanta wasu haruffa, sai sunan waƙa ya fito a hargitse. Yawancin masu zuwa wurina ba sa karanta boko, ba su kuma tambayar mawaƙi da suna. Cewa suke yi a sa musu na Zabarmawa, ko na Indiya, ko wa'azi, ko na fim. Sai na karkasa rumbun ƙabila-ƙabila: foldar Dendi, foldar Zabarma, foldar Fulani, foldar Buzaye. Kowace waƙa na ba ta lamba. Wannan duka ana iya yi masa uzuri. Abin da ba shi da uzuri shi ne wanda na ƙara daga baya: a gurbin da sunan mawaƙi yake, sai na riƙa rubuta sunan shagona da lambar wayata, don duk inda waƙar ta je a san daga wurina ta fito. Mutum ya yi waƙa da guminsa, ni na buga mata tambarina.

Akwai kuma raini a ciki, dole in faɗa. Ban taɓa goge sunan Mamman Shata ba, ko Ɗanƙwairo, ko Ɗan Maraya Jos, alhali su ne ma ba sa bukatar a rubuta, don yaro ƙarami ya san muryarsu. Waɗanda na goge su ne waɗanda ban sani ba, ban kuma ga dalilin da zai sa in sani ba. Kiɗan jitar Abzinawa a kunnena duk iri ɗaya ne.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Kwanaki kaɗan bayan haka ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, gadar da ta haɗa Malanville da Gaya ta zama ba shiga ba fita. Manyan motoci suka yi layi a bakin hanya, direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi, mako ya bi mako. A cikinsu akwai wani dattijo mai rawani daga wajajen Abalak. Zama ya ishe shi, ya zo teburina da katinsa.

Ya ce, "Ɗana, kana da Mdou Moctar?"

Na ce, "Baba, ban san shi ba. Amma akwai na Buzaye da yawa, bari in cika maka."

Ya yi shiru, sannan ya ce in kunna masa ya ji. Na fara kunnawa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tsaye yana kiran sunaye. Wannan Abdallah Oumbadougou ne. Wannan Tinariwen ne, mutanen Mali. Wannan Bombino ne na Agadas. Da muka iso kan wata mai murya a lanƙwashe da gangar kwamfuta, ya ɗaga hannu ya ce in tsaya. Ya ce ga wanda na ce ban sani ba. Ya sunkuya ya dubi fuskar kwamfutar, ashe yana karatu, ya ga lamba da sunan shagona. Ya tambaye ni ko ni na yi waƙar. Na ce a'a. Ya ce, "To me ya kawo sunanka a kai? Yaron nan yana da uwa da uba, yana da gari." Bai ɗaga murya ba. Ya biya kuɗinsa, ya karɓi katinsa, ya koma ƙarƙashin motarsa.

Na yi karatun allo kafin na yi na boko, na kuma zauna gaban malami a zaure. Na san yadda ake ɗaukar isnadi da nauyi, na san magana ba ta karɓuwa sai an ce wane ya ji daga wane. Na san tsofaffin littattafan da aka kwafa da hannu, yadda mai kwafa yake rufewa da sunan mawallafi kafin ya roƙa wa kansa gafara a ƙasa. Ni ma mai kwafa ne, sai dai na juya tsarin: na share mawallafi na ajiye kaina. Ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu a zuciyata ba sai a daren wannan rana.

Tun da kasuwa ta mutu saboda rufe iyaka, lokaci ya samu. Na sayi data na shiga neman labarin Mdou Moctar, na ce zan saurare shi daga farko, kundi bayan kundi, yadda ya fitar da su. A nan na gane girman abin da lamba take ɓoyewa.

Ya tashi a gidan da ba a son kiɗa. Ganin Abdallah Oumbadougou yana kaɗa jita shi ya ja hankalinsa, da ya rasa ta saye sai ya haɗa tasa da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa. Ya je Libiya neman kuɗi kamar dubban samarin yankinsa, ya dawo, sannan ya yi tafiyar Sakkwato. Da na sake sauraron Anar da wannan sani a kaina, sai na ji abin da ban taɓa ji ba: saurayin daji ne ya shigo birnin Hausawa ya ari kayan aikinsu, ya zuba kewarsa a ciki. Waƙoƙin soyayya ne masu sanyi. Da ma kunnena ya saba da wannan sauti daga fina-finan Kano, amma saboda harshen ba nawa ba ne, ban tsaya na ji cewa rabin waƙar daga gidanmu aka ɗauko ba.

Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin Portland, ya zauna a Kidal ta arewacin Mali yana yin irin aikina sak: yana karɓar katin mutane yana kwashe waƙoƙin da ke ciki. A cikin abin da ya kwasa akwai waƙar Mdou mai suna Tahoultine. Ya sa ta a cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a faifai a 2011, Music from Saharan Cellphones. Bambancina da shi ɗaya ne, kuma shi ne komai: shi ya bi sawun masu waƙoƙin don a san su a kuma biya su. Ya nemi Mdou har ya same shi, ya zo Nijar, ya kawo masa jitar lantarki ta bahago. Da katin da ya faɗa hannun Kirkley ta teburina ya biyo, da lambar wayata zai kira.

Daga nan kundaye suka fara fita da suna da shekara. Afelan a 2013, wanda aka ɗauka a Cintabaradan ba a situdiyo ba, rabi jitar katako mai natsuwa, rabi ta lantarki mai ƙara irin ta dandalin biki. A 2014 Sahel Sounds ya buga Anar a faifai, shekara shida bayan ya fara yawo a wayoyi. A 2015 aka fitar da fim ɗin da aka yi a Agadas, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, da Mdou a matsayin jarumi, an gina shi a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. Sai Sousoume Tamachek a 2017, inda ya kaɗa komai shi kaɗai, a hankali, babu hayaniya.

Wanda ya tsayar da ni shi ne Ilana na 2019, da aka ɗauka a Detroit. A nan Mdou Moctar ya tashi daga mutum ɗaya ya zama ƙungiya. Ahmoudou Madassane yana riƙe da jita ta biyu, Ba'amurken nan Mikey Coltun yana kan jitar bas, daga baya Souleymane Ibrahim ya zauna daram a kan ganguna. Wanda bai saba ba zai ce ƙara ce kawai, ni ma haka na ce shekara da shekaru. Amma in ka kasa kunne, za ka ji Ahmoudou ya kama zagaye ɗaya ya riƙe shi ba ya saki, ganga tana ƙara sauri kaɗan-kaɗan yadda makaɗan biki suke yi in rawa ta yi zafi, shi kuma Mdou yana sama yana yawo da yatsunsa, ya tafi nesa ya dawo ya tarar da su inda ya bar su. Turawa sun ji rok a ciki, suka sa shi a layin mawaƙan rok. Ni kiɗan takamba na ji, da kiɗan bikin aure na Agadas, an ƙara musu wutar lantarki. Ahmoudou ɗin nan kuwa ɗan'uwan Fatou Seidi Ghali ne, ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad, kuma a kan jitarsa ta koyi kaɗawa. Ita ma na tarar da waƙoƙinta a rumbuna, da lamba.

A 2021 kamfanin Matador na New York, gidan ƙungiyoyin rok irin su Pavement da Yo La Tengo, ya fitar da Afrique Victime. A nan maganarsa ta fito fili. Saurayin da ya yi waƙar soyayya a Sakkwato ya zama magidanci mai tuhuma: me ya sa ake kwasar arzikin ƙasashen nan mutanensu suna cikin duhu, me ya sa ake kashe shugabannin da suka ɗaga kai, ina haƙƙin mata. Mutumin da ya san Arlit da yuraniyom ɗin da ake haƙa a can, ya kuma san ƙauyukan da ba su taɓa ganin wutar lantarki ba, ba ya bukatar a koya masa wannan tambaya.

Abin da ya ƙara taɓa ni shi ne na gano cewa a daidai lokacin da dattijon nan yake kwance ƙarƙashin motarsa a Malanville, Mdou da abokansa 'yan Nijar suna Amurka, su ma sun kasa komawa gida. Juyin mulkin ya same su suna tsakiyar zagayen wasanni, aka rufe iyakoki da sararin samaniya, sai da masoyansu suka yi musu karo-karo. Kafin wannan sun riga sun ɗauki Funeral for Justice, wanda ya fito a Mayun 2024, kundi mafi zafi a duk abin da suka yi, da waƙa a kan Faransa kai tsaye, da wata mai kiran Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace. A zaman jiran nan na Amurka suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake kaɗa waƙoƙin kundin da jitar katako, a sanyaye. Shi ne Tears of Injustice, ya fito a Fabrairun 2025. Waƙoƙi iri ɗaya, sau ɗaya cikin fushi, sau ɗaya cikin baƙin ciki. Wanda ya same su a kati da lamba ba zai taɓa sanin cewa ɗayan amsar ɗayan ba ne, balle ya san abin da ya faru a tsakaninsu.

Ba na cikin masu cewa tura waƙa sata ce zalla. Ba don katin memori ba, da Anar ya mutu a Sakkwato. A ƙasar da babu kamfanin faifai, babu kanti, rediyo kuma ba ya kula ƙaramin mawaƙi, mu masu tebur a kasuwa mu ne hanyar. Mawaƙi a wajenmu ba daga sayar da waƙa yake ci ba, daga biki yake ci, daga gayyata, daga liƙi. Abin da yake nema a wurin mai tura waƙa kaɗan ne: waƙar ta tafi da sunansa, don mai bikin da ya ji ta a Kandi ko a Doso ya san wanda zai aika a kira. Wannan kaɗan ɗin shi na hana. Kuɗin da ban biya ba wani haƙƙi ne, amma hanyar abincin da na toshe ta fi shi nauyi.

Mdou Moctar bai yi asarar komai ba saboda ni. Sunansa ya fi ƙarfin teburina, ya kai inda ban taɓa zato ba. Haka ma Orchestre Super Borgou na Paraku, waɗanda suka yi waƙa da Bariba da Dendi a shekarun 1970: da kamfanin Analog Africa ya tashi tattara waƙoƙinsu a 2012, ya iya ne domin tsofaffin faifan suna ɗauke da suna a jikinsu, ko sun yi ƙura ko sun karce. Asarar da na jawo tana kusa da gida.

Akwai wata zabiya a wajenmu, tsohuwa, mai waƙar biki da Dendi. Ba ta taɓa shiga situdiyo ba. Samari ne suke ɗaukar ta da waya a wurin aure ko suna, da hayaniyar mata da kukan yara a ciki, waƙoƙin su zagayo su faɗo rumbuna. Wasu sun zo da sunanta a rubuce, na goge na sa lamba, na jefa foldar Dendi. Duk lokacin da rumbun kwamfuta ya cika ina neman wurin zuba sababbin fina-finai, sai in duba abin da zan share. Ba na share mai suna, don wani zai iya tambaya. Marasa suna nake sharewa, masu sautin da bai fita sosai ba, waɗanda ni kaina ban ƙara sanin ko na wane ne ba. Da hannuna na raba su da suna, sannan na hukunta su a kan rashin suna.

Bayan rasuwarta 'yarta ta zo teburina, tun kafin zancen rufe iyaka. Ta gaishe ni ta ce, "Yaya, an ce kana da waƙoƙin Inna." Na ɗan duba sama-sama na ce babu, na juya ga mai jiran layi. Ta yi godiya ta tafi. Ban sake tuna wannan rana ba sai da dattijon Abalak ya yi mini tambayarsa. Shi baƙo ne, ya yi mini magana a kan ɗan yankinsu da duniya ta riga ta sani. Ita 'yar gida ce, ta zo neman muryar mahaifiyarta, ba ta ma san ni na share ba.

Na je gidansu na faɗa mata gaskiya. Ya fi mini wuya fiye da yadda na zata, domin da na yi shiru babu mai sani. Ta saurare ni har na gama, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta kawo mini ruwa. Na ɗauko abin da ya rage a foldar Dendi muka zauna da ita da wata gwaggonta muna kunnawa. Sun gane muryar tsohuwar a 'yan kaɗan. Sun kuma gane wasu muryoyin da ban nema ba: wannan wance ce ta Madécali, wannan makaɗin gurumi ne na wajen Karimama, wannan a bikin gidan wane aka ɗauka, shekarar da kogi ya cika ya ci gonakin shinkafa. Ina rubutawa suna faɗa. Da yawa kuma sun saurara sun girgiza kai.

Sana'ar tura waƙa ta ja baya yanzu, matasa sun koma WhatsApp da TikTok, inda waƙa take yawo a gutsure, sau da yawa ita ma babu sunan mai ita. Ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar na gadar bai buɗe ba, mutane suka koma tsallaka kogi da kwalekwale, masu zuwa teburina suka ragu ƙwarai. Amma har yanzu ana kawo kati. In an kawo, kafin in kwashi komai ina tambaya: wa ya yi wannan, ɗan wane gari ne, yaushe aka ɗauka? In mai katin bai sani ba, sai in rubuta garin da ya samo ta da shekarar da ya kawo, don mai nema a gaba ya sami bakin zare. Na cire sunan shagona daga kan duk waƙar da ke rumbuna. Foldar da na tara Abzinawa a ciki na wargaza ta, kowa na buɗe masa tasa da sunansa, ta Mdou Moctar kuma na jera ta daga 2008 zuwa 2025. Waɗanda na riga na tura wa dubban mutane da tambarina, waɗannan sun fi ƙarfina, suna can suna yawo.

Sauran waƙoƙin tsohuwar muke nema yanzu, ni da 'yarta. Duk wanda na tuna yana cikin masu ɗaukar bidiyo a bukukuwan wancan lokaci ina bin sa in tambaya ko tsohon katinsa yana nan. Yawanci sun ɓace, ko sun lalace, ko an share an zuba wani abu. Wani ɗan kabu-kabu a Madécali ya ce yana da tsohuwar waya a akwati wadda ya ɗauki bikin ƙanwarsa da ita, kuma tsohuwar ce ta yi waƙa a ranar. Batirin wayar ya kumbura, ba ta kunnuwa. Na gaya masa kada ya bari yara su taɓa ta, kada kuma ya kai ta wurin mai gyara, ya zare katin kawai ya naɗe a takarda ya kawo mini ranar kasuwa.